Shekara guda tare da matasan wata majami'ar Yahudawa: abin da na gani da abin da na kawo Tawa

A wani dare na watan jiya, bayan an idar da sallar isha'i, kwamitin masallacin unguwarmu a nan Tawa ya zauna a kan wata magana da ta daɗe tana ci wa iyaye tuwo a ƙwarya, wato yadda yaranmu suke ɓacewa daga makaranta da masallaci da zarar sun yi sauka. Yaro zai shekara shida ko bakwai yana zuwa da allonsa safe da yamma, a yi masa walima, a yanka rago, dangi su zo daga ƙauye, daga nan kuma sai a daina ganinsa in ba a fada ba, inda shi da tsararrakinsa suke kewaye butar shayi har tsakar dare. Da magana ta zagayo kaina, Liman ya dube ni ya ce, "Mushe, kai da ka zauna ƙasar waje, su can yaya suke yi da nasu?" Na ce, "Allah gafarta Malam, abin da na gani da idona a wurin Yahudawa na gan shi, in an ba ni izini in faɗa." Aka ɗan yi shiru, sannan ya ce in faɗa. Abin da na gutsura musu a wannan dare shi ne nake son in shimfiɗa a nan a tsanake, da kyawunsa da aibinsa, domin iyaye da malamai da suke fama da irin damuwarmu su auna da kansu.

Ni malamin Ingilishi ne a lise. A watan Agusta na 2018 wani shirin musayar malamai ya kai ni wani gari a jihar Ohayo ta Amurka, na zauna har watan Yuni na 2019, kuma gidan da aka sauke ni na Yahudawa ne. Suna da ɗiya ƴar shekara 16, wadda ita ce ma'ajin ƙungiyar matasa ta wurin ibadarsu, wanda zan riƙa kira majami'a a nan. Da mahaifinta ya ga yawan tambayoyina sai ya nemar mini izini wurin malaminsu, wanda suke kira rabai, aka yarda in riƙa halartar zaman yaran a matsayin baƙo, amma sai da suka binciki takarduna tukuna, kamar yadda suke yi wa duk babban da zai zauna da ƴaƴansu. Na yi ta juya abin a zuciyata kafin in amsa gayyatar. Abin da ya natsar da ni shi ne tuna cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umarci Zaidu ɗan Sabitu, yana matashi, da ya koyi rubutun Yahudawa, ya kuwa koya. Ban je don in yi ibadarsu ba, su ma ba su taɓa neman in yi ba. Na je in ga yadda suke riƙe yaro mai shekara 13 zuwa 18, shekarun da mu a nan suka fi kuɓuce mana.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne cewa ciwonmu ɗaya. A wurinsu yaro namiji yana shiga sahun waɗanda hukuncin addini ya hau kansu a shekara 13, da wani biki da suke kira bar mitsba, mace kuma a shekara 12 ko 13, gwargwadon ɗariƙar da iyayenta suke bi, nata bikin kuwa bat mitsba. Yaron yakan daɗe yana shiri, ya koyi karanta wani yanki na Attaura da Ibrananci a gaban jama'a, a yi liyafa, dangi su zo daga garuruwa masu nisa. Washegari kuma iyaye da yawa sukan ɗauka an gama, yaron ma ya ɗauka ya gama. Da rabai yake kwatanta mini wannan, sai na ji kamar walimar saukar ɗana yake ba ni labari. Ƙungiyoyin matasa da suka kafa amsa ce ga wannan giɓin, kuma ba yau aka fara ba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka daɗe a cikin sanannun ita ce wadda yanzu ake kira BBYO, wadda tushenta ya faro a 1924 a birnin Omaha na jihar Nebraska, ita kuwa ba ta jingina da wata majami'a ba. Ɗariƙar masu sassauci da ake kira Reform ta kafa NFTY a 1939, ƴan tsaka-tsaki suka kafa USY a 1951, masu riƙo da tsohuwar hanya kuma suka kafa NCSY a 1954. Wadda na zauna da ita ƙarama ce, ta majami'a ɗaya, yaran da suke zuwa a kai a kai ba su wuce talatin ba, kuma a kanta kaɗai hukuncina zai tsaya.

In aka ce in zaɓi abu ɗaya da ya sa wannan ƙungiya take da rai, zan ce shi ne cewa yaran ne suke riƙe da ita da gaske. Kowace shekara suna zaɓen shugabanninsu da kansu: shugaba, mai kula da al'amuran ibada da karatu, mai kula da ayyukan taimakon jama'a, mai jawo sababbin membobi, mai isar da sanarwa, da ma'aji. Na halarci zaɓen da suka yi a watan Mayu, inda kowane ɗan takara ya tsaya ya faɗi abin da zai yi, aka yi masa tambayoyi, wasu ma masu zafi, aka jefa ƙuri'a a takarda. Majami'ar ta ɗauki wani saurayi da bai daɗe da gama jami'a ba a matsayin mai ba su shawara, ana biyansa, amma a duk zaman da na gani a bayan ɗaki yake zama, ba ya sa baki sai an tambaye shi ko kuma ya hango abin da zai cutar da wani. Rabai kansa yakan leƙo, ya gaisa, ya fita.

Na fahimci nauyin wannan tsari ne wani dare a cikin hunturu, da na tarar da ɗiyar mai masaukina zaune a teburin cin abinci, takardun kuɗi baje a gabanta, tana hawaye. Sun shirya wata fita, ta yi lissafin kuɗin mota a kan adadin waɗanda suka ce za su je, kusan rabinsu kuma suka fasa, sai asusu ya yi giɓi. Mahaifinta yana da halin da zai cike giɓin nan take ba tare da ya ji a jikinsa ba, ni ma abin da na zaci zai yi ke nan, domin da ni ne haka zan yi wa tawa ɗiyar. Bai yi ba. Ya zauna kusa da ita, ya tambaye ta me take ganin ya kamata, ya bar ta ta rubuta bayanin da za ta gabatar. A zama na gaba ta tashi a gaban ƴan uwanta ta faɗi inda ta yi kuskure da yawan abin da ya ɓata, suka yi ta muhawara, daga ƙarshe suka yanke cewa daga ranar duk wanda zai je fita sai ya biya rabin kuɗin tun da wuri, suka kuma shirya sayar da gurasa da kek bayan karatun yara na ranar Lahadi har suka mayar da kuɗin. Mai ba su shawara ya gaya mini daga baya cewa tun farko ya ga lissafin ba zai fita ba, ya yi mata nuni sau ɗaya, da ba ta ɗauka ba sai ya ƙyale, saboda asarar ba ta kai ta durƙusar da su ba, darasin kuma ya fi ƙarfin kuɗin. Na daɗe ina tunanin wannan magana. Na shekara goma sha ina koyarwa, amma ban tuna ranar da na taɓa barin ɗalibi ya yi kuskuren da nake da ikon hanawa domin ya ɗauki nauyinsa da kansa ba.

A ɓangaren addini ma haka abin yake. Ranar hutunsu, Shabbat, tana shiga da faɗuwar rana a ranar Juma'a, ta fita da daren Asabar in taurari uku sun bayyana, kuma mai jin Hausa zai gane cewa sunan Asabar ɗinmu da wannan kalma tushensu ɗaya. Lokaci lokaci akan bar wa matasan jagorancin addu'o'in daren Juma'a gaba ɗaya, manya suna zaune a sahu suna bin su. Attaura a wurinsu an kasa ta kashi 54, ana karanta wani kaso kowane mako har a sauke a cikin shekara, kuma a duk zaman ƙungiyar akwai yaro ɗaya da aka ɗora wa ya yi ɗan jawabi na minti biyar a kan karatun makon, ya faɗi abin da ya fahimta da yadda ya shafi rayuwarsa. Wasu jawaban ba su da zurfi, wasu kuwa sun sa na gyara zama. Na tuna wani yaro ɗan shekara 15 da ya yi magana a kan Annabi Yusufu da ƴan uwansa, ya tsaya a kan wuyar yafe wa na gida fiye da bare, muryarsa tana rawa, daga baya na ji cewa iyayensa suna cikin rabuwa a lokacin.

Suna da wata tsohuwar hanyar karatu da suke kira habruta, inda ake zaunar da ɗalibai bibbiyu, a ba su nassi ɗaya, su karanta da ƙarfi, kowa ya ƙalubalanci fahimtar ɗan uwansa. Ɗakin yakan cika da hayaniya irin ta makarantar allo da safe, sai dai wannan hayaniyar ta gardama ce. Yaro yakan ce wa malami bai gamsu ba, malamin kuma ya ji daɗi, ya ce masa ya kawo hujja. A nan ne na fi jin kishi, domin mu ma muna da wannan gado a littattafan fiƙihu, inda malamai suke kawo saɓani su auna hujjoji, amma ba mu cika buɗe wa ɗan shekara 15 wannan ƙofa ba, har sai ya je ya ɗauko amsar tambayarsa a waya daga bakin wanda ba mu sani ba.

Abin da yaran suka fi ƙauna, da bakinsu suka gaya mini, shi ne ɗan bikin rufe Shabbat da ake kira habdala. Akan kashe fitilu, su yi da'ira, a kunna wata kyandir mai lagwani da yawa da aka kitsa kamar igiya, a zagaya da ƙunshin kayan ƙamshi kowa ya shaƙa, a yi addu'a a kan kofin ruwan inabi, wanda na yara marar sa maye ne, sannan a tsoma wutar a cikinsa ta mutu. Duka bai kai rubu'in awa ba. Ni daga gefe nake tsayawa, amma na ga yadda yaran da suka yini suna tsokanar juna suke yin tsit, na kuma gane cewa waɗanda suka tsara abin sun san matashi yana bukatar ibadar da zai ji a jikinsa tare da abokansa, wadda zai tuna da ƙamshinta bayan shekara ashirin. Duk wanda ya taɓa yin tashe yana yaro, ko ya kwana a masallaci a goman ƙarshe na azumi tare da tsararrakinsa, ya san abin da nake nufi.

Ayyukan taimakon jama'a su ne ƙafa ta uku. Suna kiran sadaka tsedaka, kalmar da kunnen Bahaushe ba zai yi baƙunta da ita ba, suna kuma da wata magana, tikkun olam, wato gyaran duniya, wadda ba a zama ba a ambace ta ba. Aikinsu na farko da na gani, ban fi wata guda da sauka ba, shi ne na lokacin babban azuminsu na Yom Kifur, wanda suke yi na kimanin awa 25 ba ci ba sha. Matasan sun raba wa kowane gida jakar takarda tun kafin ranar, mutane suka dawo da su cike da abincin gwangwani da shinkafa, su kuma suka tantance, suka loda, suka kai rumbun da ake raba wa mabukata na garin, ba tare da duba addinin mai karɓa ba. Kwana biyar bayan azumin sai idin Sukkot, inda ake kafa rumfa mai rufin ganye a zauna a ci abinci a ciki har kwana bakwai, don tunawa da zaman Bani Isra'ila a jeji bayan fitarsu daga Masar tare da Annabi Musa. Yaran ne suka kafa ta majami'ar, kuma a nan ne kaɗai na zama gwani a cikinsu, domin ɗan Adar ba a koya masa ɗaurin rumfa. A idin Furim kuwa, wajen watan Maris, su suka shirya wa ƙananan yara wasanni, abin da aka tara aka raba tsakanin asusunsu da sadaka. Wasu daga cikinsu kuma suna taimaka wa malamai a ajin ƙanana ranar Lahadi, abin da ya yi kama da yadda gardi yake biya wa ƙolo karatu a wurinmu.

Sauran shirin nishaɗi ne: wasan ƙwallo, kallon fim, fita kan ƙanƙara, kwana a majami'a ana hira. Ba ni da abin cewa da yawa a kansa, illa dai shi ne ƙugiyar da take jawo yaron da karatu ba zai jawo shi ba. Abinci kuwa bai taɓa ba ni matsala ba, tunda ba sa cin alade, ba sa haɗa nama da madara a ci ɗaya, yawancin abin da ake kawowa a zaman yaran ma ba nama a ciki. Da azumin Ramadan ya kama a watan Mayu, suka lura ba na taɓa komai, sai shugabarsu ta sa aka jinkirta abincin wani zama har faɗuwar rana, aka ajiye mini dabino. Ba wani babba da ya ce su yi hakan.

Yabon gwani ya zama dole, amma akwai inda abin bai gamsar da ni ba, kuma ba ƙananan wurare ba ne. Na farko shi ne kuɗi. Akwai kuɗin shiga na shekara, akwai na kowace fita, sannan manyan tarukan ƙarshen mako da ake haɗuwa da matasan wasu garuruwa, da sansanin bazara, suna cin abin da ƙaramin ma'aikaci ba zai iya ba. Majami'ar tana da tallafi ga marasa hali, amma sai iyaye sun nema, kuma na san wata uwa mai rainon ƴaƴanta ita kaɗai da ta gwammace ɗanta ya zauna gida da ta je ta buɗe cikinta. Sakamakon haka shi ne waɗanda suka je sansani tare sukan dawo da waƙoƙinsu da labaransu, su zama ƴan ciki, sauran kuma su zama ƴan rakiya. Na ga yarinyar da ta zo sau uku, ba wanda ya zauna kusa da ita in ban da mai jawo sababbin membobi, wanda shi ma aikinsa yake yi, daga nan ba ta sake dawowa ba. Mulkin yara yana da wannan illa, domin yaro yakan zaɓi abokinsa, kuma mai ba su shawara, wanda shi ne na uku a cikin ƴan shekaru saboda albashin ba ya riƙe mutum, bai daɗe da su ba balle ya san wanda ake bari a baya.

Na biyu shi ne zurfin karatu. Da yawa daga cikin yaran suna iya furta Ibrananci, wanda ake rubutawa daga dama zuwa hagu kamar Larabci, amma ba su san ma'anar abin da suke furtawa ba sai sun duba fassarar Ingilishi a shafin da ke gefe, kuma abin da suka haddace kaɗan ne ƙwarai. Yaron da ya yi sauka a unguwarmu ya fi su riƙe nassi nesa ba kusa ba. Wani lokaci gardamar habruta takan zama ra'ayi a kan ra'ayi, ba tushe a ƙasa, sai in ji ina marmarin dattijon malami da zai ce musu ga abin da magabata suka faɗa, ku fara saninsa kafin ku yi jayayya da shi. Wannan hali ne na majami'ar da na zauna da ita, wadda take cikin masu sassauci, inda maza da mata suke zama sahu ɗaya, mace ma takan ja addu'a. Cuɗanyar samari da ƴan mata, musamman a tarukan kwana, ko da yake ɗakunan barci a rabe suke kuma manya suna gadi, abu ne da ban saba da shi ba, ba kuma zan ba da shawararsa a Tawa ba.

Na uku shi ne batun Isra'ila, wanda na san mai karatu yana jira. Ƙasar tana da babban gurbi a shirin: tutarta tana cikin ɗakin taro, ana koyar da waƙoƙinta, ana kwaɗaita wa yara zuwa ziyara. A zaman da na halarta a kan wannan batu, ba a ba wahalar Falasɗinawa wurin da ya kamace ta ba, kuma hakan ya yi mini ciwo. Na faɗa wa rabai haka a ofishinsa, ya saurare ni har na gama, bai yarda da duk abin da na ce ba, ni ma ban yarda da duk nasa ba. Amma gaskiya ta wajaba in faɗi cewa yaran ba bakinsu ɗaya ba. Akwai wata yarinya da ta tashi ta tambayi dalilin da ya sa ba a taɓa gayyato Bafalasɗine ya yi musu magana ba, ba wanda ya hana ta, wasu ma suka goyi bayanta. A nan na ƙara gane cewa gwamnati daban, yaro ɗan shekara 15 mai loda buhun shinkafa don mabukata daban.

Akwai ranar da ba zan manta ba. A ranar Asabar 27 ga Oktoba 2018, wani ɗan bindiga ya shiga majami'ar Tree of Life a birnin Pittsburgh, a jihar da take maƙwabtaka da Ohayo, ya kashe mutum 11 suna cikin ibada. A zaman da ya biyo baya, yaran sun zo kusan dukansu, har da waɗanda aka daɗe ba a gani ba. Aka ajiye shirin ranar, suka zauna a ƙasa, kowa ya faɗi abin da yake ji, wasu suna kuka, wani yaro ya ce yana tsoron sa ƴar hularsa ta Yahudawa a hanya. Daga baya su da kansu suka rubuta wasiƙun ta'aziyya. Tun daga makon aka ƙara tsaro, ƙofa a kulle, mai gadi a bakinta. Ni da na fito daga ƙasar da ta san harin ƴan bindiga a kan masallatai da ƙauyuka, ban bukaci a fassara mini wannan tsoron ba. Abin da na lura da shi shi ne, a ranar firgici yaran sun san inda za su je, kuma wurin ibadarsu ne, saboda sun riga sun ɗauke shi nasu.

Hukuncina a taƙaice shi ne, tsari ne mai kyau ƙwarai wajen riƙe matashi da koya masa ɗaukar nauyi, matsakaici wajen ilimi, mai rauni wajen kula da marar hali da marar aboki. Wanda yake neman wurin da ɗansa zai zama malami, wannan bai ishe shi ba. Wanda kuwa yake neman kada ɗansa ya yanke hulɗa da wurin ibada a shekarun ƙuruciya, zai sami abin koyi mai yawa.

Da na kai nan a zaman kwamiti, wani dattijo, Alhajin da ya fi kowa hidima da masallacin, ya ce, "Mushe, duk wannan ai samariya ce ka je Amurka ka gano." Ya yi gaskiya. Iyayenmu sun san sarkin samari da muƙarrabansa, sun san gayya, kuma a zamanin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, samariya ce take share gari, take gina ajujuwa, take shirya wasanni. Ita kanta fadar da muke kuka da ita tana da shugaba da ma'aji da kuɗin karo-karo, in ɗayansu ya yi rashin lafiya ko zai tafi bida Abijan su suke haɗa masa guzuri. Wato yaranmu sun iya riƙe ƙungiya, a bakin titi dai suke yi, saboda a masallaci ba mu ba su komai ba sai shara da shimfiɗa tabarma. A ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Abin da na roƙi kwamiti bai da yawa, kuma ba ya bukatar kuɗin Amurka. Na ce a bar samarin da suka yi sauka su zaɓi shugabanninsu, ƴan mata ma su yi nasu daban a ƙarƙashin malamarsu, a ba su wani aiki na gaske da asusu na gaske ko da na jika goma ne, a sa kowane mako ɗayansu ya yi bayanin aya ɗaya ko hadisi ɗaya a gaban ƴan uwansa, malami yana zaune yana gyarawa in an kauce, kuma kada a karɓi ko dala daga hannun yaro a matsayin kuɗin shiga. Alhaji ya ce shi bai yarda a damƙa wa yara kuɗin masallaci ba, domin in suka ɓata shi za a tambaya. Na ce, "Baba Alhaji, in sun ɓata ni zan biya, amma a bar su su tsaya a gaban jama'a su faɗi yadda aka yi." Liman ya ce a gwada na wata uku, a fara da rabon hatsin da ake tarawa don marayu da zawarawan unguwa, su ƙidaya gidajen, su auna tiya, su kawo lissafi a rubuce.

An yi zaɓen ranar Juma'ar da ta wuce bayan la'asar, samari goma sha tara suka zo, yawancinsu daga fadar bakin kanti. Ɗana, mai shekara 14, ya tsaya takarar ma'aji ya faɗi da ƙuri'a biyu, ya dawo gida ransa a ɓace, amma da safe na gan shi ya ɗauki littafi da biro ya bi wanda ya kayar da shi zuwa ƙidayar gidaje. Makullin ɗakin hatsi har yanzu yana aljihun Alhaji, ya ce zai miƙa shi ranar da suka kawo masa jerin sunayen.